Ga Wanda Yake Ganin Sa'o'insa Sun Wuce Shi: Yadda Za Ka Tafi da Naka Takun

Akwai wata damuwa da ba a cika faɗinta a majalisa ba, amma tana cin mutane a ɓoye. Saurayi ya haura talatin yana kwana a shagon ƙofar gidan mahaifinsa, wanda suka zauna benci ɗaya a firamare kuwa kullum safiya sai ya wuce ta gabansa zai kai yara makaranta a mota. Budurwa ta ɗinka ankon ƙawaye har ya cika akwati, yanzu an koma kawo mata ankon ƙannen ƙawayen. Magidanci ya doshi hamsin yana biyan haya, yaron da ya koya wa aiki ya tare a gidan kansa. In dare ya yi kowa ya kwanta, magana ɗaya suke yi wa kansu: an tafi an bar ni.

Masu ba irin waɗannan mutane shawara sun kasu gida biyu. Wasu su ce maka ka yi haƙuri, komai lokaci ne. Wasu su ce zuciyarka ce ta mutu, ka tashi ka nema. Kowanne ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin gaskiya ba ya fitar da mutum daga wannan hali. Abin da na yi imani da shi shi ne, wannan jin na an bar ka a baya curi ne na abubuwa uku da suka cakuɗe: shekarun da aka cinye maka ba da laifinka ba, ƙofofin da da gaske suna da lokacin rufewa, sai kuma kunyar idon mutane. Kowanne da maganinsa daban. Muddin suna dunƙule, za ka yi ta gaggawa a inda ya kamata ka natsu, kana jan ƙafa a inda ya kamata ka yi sauri.

Mataki na farko: a baya, a me?

Samu takarda da biro, ba waya ba, ka zauna kai kaɗai bayan sallar asuba ko duk lokacin da gida ya yi tsit. Rubuta fannonin da kake jin an wuce ka: karatu, sana'a da kuɗin shiga, aure, haihuwa, muhalli, da duk wani abu da ke tsaya maka a rai. A gaban kowanne ka rubuta sunan mutumin da yake faɗo maka a rai in ka tuna abin. Kada ka rubuta "mutane" ko "sa'o'ina". Suna za ka rubuta.

Abin da yawanci yake fitowa yana da ban mamaki. Za ka ga mai motar daban, mai auren daban, mai digiri na biyu daban, wanda ya je Umara daban. Ashe ka ɗebo mafi kyawun abin da kowannensu yake da shi ne, ka haɗa mutum guda da babu shi a duniya, sannan ka tsaya kusa da shi kana auna tsawo. Mai motar wataƙila bai ƙarasa sakandare ba. Mai digirin wataƙila shi ma haya yake. Ba ina cewa ka je ka tono aibin kowa don ranka ya yi sanyi ba, wannan wata cuta ce ta daban. Ina cewa ka san da wa kake tsere.

Gwada kai da wasu ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ba lalacewarka ba ce. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin cewa idan mutum ba shi da tsayayyen ma'auni na sanin inda yake, sai ya auna kansa da na kusa da shi. Wata masaniyar kuma, Bernice Neugarten, ta nuna cewa kowace al'umma tana da nata agogon da take sa wa mutane: shekarun aure, shekarun haihuwa, shekarun zama cikakken mutum. Namu agogon kowa ya san shi. Don haka tambaya ta biyu da za ka rubuta a gaban kowane fanni ita ce: wa ya sa wannan lokacin? Addini ne, likita ne, doka ce, ko kuwa al'adar unguwa ce kawai?

Mataki na biyu: lissafa shekarun da ba kai ka ɓatar ba

Mutane da yawa suna yi wa kansu hisabi kamar kowa a layi ɗaya ya tashi, kuma hanya a share take. Ba haka abin yake ba, kuma duk wanda ya yi jami'ar gwamnati a Najeriya shaida ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ɗauki wajen wata 9, daga Maris zuwa Disamba, ga annobar korona a kai. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Wata 17 ke nan a yajin aiki biyu kacal, ban da watannin da makarantu suka ɗauka suna gyara jadawali. Karatun shekara huɗu ya koma na shida ga ɗalibai da yawa, yayin da ɗan ajinsu da mahaifinsa ya iya biya masa jami'ar kuɗi, ko ya tura shi Sudan ko Masar ko Indiya, ya gama a kan lokaci. Wannan tazarar ta shekara biyu ba ƙwaƙwalwa ce ta kawo ta ba.

Sai tsadar rayuwa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, ana sayar da lita ƙasa da naira 200. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya haɗa lefe ko ya sayi siminti a 2021, da wanda yake ƙoƙarin yin haka yanzu, ba kasuwa ɗaya suka shiga ba, ko da albashinsu ɗaya. In kuma iyaye ne suke gwada ka da kansu, suna cewa su a shekarunka har sun haife ka, a tuna cewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa kuma masu digiri a Arewa ba su da yawa, aiki ne yake jiran mai digiri tun bai bar makaranta ba. Gaskiya suke faɗa game da zamaninsu, amma zamanin ya juya.

Bayan na ƙasa baki ɗaya, rubuta naka na gida. Babban ɗa da mahaifi ya rasu ya bar masa ƙanne shida, ya ajiye nasa karatun ya biya musu nasu. 'Yar da ta shafe shekaru tana jinyar mahaifiya. Wanda rikicin Boko Haram ya raba da garinsu a Borno ko Yobe, ko 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, aka bar gona da dabbobi aka dawo birni hannu rabbana. Mai sikila da rabin shekararsa take ƙarewa a gadon asibiti. Waɗannan shekarun ba su tafi a banza ba, wani aiki aka yi da su, sai dai aiki ne da ba a ba da kwali a kansa.

Sannan ka ja layi ka buɗe wani shafin, na gaskiya tsakaninka da Allah: shekarun da kai ka zubar. Zaman majalisa daga hantsi zuwa magariba, jarrabawar da ka ƙi sake zama saboda fushi, sana'ar da ka raina, manemin kirkin da aka kora saboda ba shi da mota. Rubuta su a gajarce, ka nemi gafarar Ubangiji in akwai zunubi a ciki, ka ɗauki darasin, ka rufe shafin. Amfanin raba shafukan biyu shi ne kada ka ɗora wa kanka laifin yajin aiki, kuma kada ka ɗora wa yajin aiki laifin zaman majalisa.

Mataki na uku: ware ƙofofin da da gaske suke rufewa

A nan ne na fi son a daɗe, domin a nan ne kalmar "komai lokaci ne" take cutar da mutane in aka yi mata gurguwar fahimta. Akwai abubuwan da suke da wa'adi na gaske, kuma yarda da takunka ba ya nufin ka rufe ido a kansu.

Haihuwa na ciki. Ƙa'idar likitoci ita ce, ma'auratan da suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ba a samu ciki ba, su je asibiti. Idan matar ta haura 35, kada a jira shekara, wata shida ya isa. Kuma su biyun za su je. Kaso mai yawa na rashin haihuwa daga ɓangaren namiji yake, gwajinsa kuma ya fi na mace sauƙi da araha, amma sai ka ga mace ta shekara bakwai tana shan jiƙe-jiƙe da baƙar magana daga dangin miji, shi kuwa ko sau ɗaya bai taka ɗakin gwaji ba. Ɗan'uwa, in wannan ne halin gidanka, wannan makon ne lokacin zuwa, ba baɗi ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Aikin ɗamara ma yana da iyakar shekaru. Ɗaukar kuratan 'yan sanda, alal misali, yawanci ana tsayar da shi ne tsakanin shekara 18 zuwa 25, sauran hukumomin ma kowacce da nata. In shi kake so kuma kana cikin shekarun, kada ka bari sanarwa ta wuce ka. In ka wuce, ka yi masa ta'aziyya a zuciyarka sau ɗaya, ka juya. Haka nan iyayenka: ƙarfinsu da kwanakinsu ba za su jira ka yi arziki ba. Wanda yake cewa sai ya samu kuɗi zai kyautata wa mahaifiyarsa, ya sani cewa zama kusa da ita da raka ta asibiti ba sa buƙatar ya zama attajiri.

Bautar ƙasa tana tsorata mutane fiye da kima. Dokar hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, ta ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri ba zai je ba, za a ba shi takardar yafewa. Wannan takardar halastacciya ce, ana neman aiki da ita kamar yadda ake nema da ta wanda ya sa kakin. Abin da ka rasa alawus ɗin shekara guda ne da zaman sansani, ba makomarka ba. A aikin gwamnati kuma ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya shiga yana da 35, yana da shekara 25 a gabansa.

Wannan ya kawo mu kan rage shekaru. Na san yadda abin ya zama ruwan dare, a je kotu a yi takardar rantsuwa a zaftare huɗu ko biyar. Kada ka yi. Ban da kasancewarsa rantsuwa a kan ƙarya, yanzu ranar haihuwarka tana rubuce a lambar NIN, da BVN ta banki, da takardun WAEC da JAMB, kuma ana haɗa su a duba. Saɓani ɗaya yana iya tsayar maka da aiki, ko fasfo, ko fansho a ranar da ƙarfinka ya ƙare.

To, sauran fa? Yawancin abin da ke hana mutane barci ba shi da ranar rufewa. Karatu bai da ita. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ba ta tambayar shekarunka nawa. Akwai NABTEB ga masu sana'ar hannu. Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi, kana aikinka kana karatunka. A can ne tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin digirgir a farkon 2018 yana da shekara 80. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da yawa suna da karatun yamma ko na ƙarshen mako. Tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Wanda ko firamare bai yi ba, ajin yaƙi da jahilci yana nan. A Kano tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya don wannan aikin.

Ke kuma 'yar'uwa da aka cire daga aji aka kai ɗakin miji, yanzu kina ganin ƙawayenki sun zama malaman jinya da lauyoyi, ki sani komawar matar aure karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru ne don ilimi ya isa ga matan karkara a inda suke, ta hanyar jajis, dattawan matan da suke zuwa wurinta su ɗauko karatu su kai wa sauran. Ba a tambayi kowa shekarunta ba.

Aure ma, duk da matsin da ke kansa, addini bai yanka masa shekarar da in an wuce ta shi ke nan ba. Hajji kuwa a kan mai iko aka wajabta shi. Wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa, ko da duk layinsu an koma kiran kowa Alhaji.

Mataki na huɗu: tsare kanka daga gajerar hanya

Mutumin da yake jin an wuce shi shi ne abincin 'yan damfara, domin ba riba kawai suke sayar masa ba, suna sayar masa da alkawarin kamo sa'o'insa cikin wata uku. Haka MMM ta yi kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Haka CBEX ta yi kafin ta ruguje a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Sunan yana canzawa, tsarin ɗaya ne: kuɗin sabon shiga ake biyan na farko da shi, har ranar da sababbin shiga suka ƙare. Duk kasuwancin da aka ce kuɗinka zai ninka cikin wata guda, kuma sai ka kawo wani za a ƙara maka, to ka riƙe aljihunka.

'Yan'uwan wannan su ne cacar ƙwallo a waya, da manhajojin ba da rance da suke tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci in ka makara, da masu cewa ka kawo miliyan kaza a ba ka takardar ɗaukar aiki, da masu haɗa tafiya ta Agadas zuwa Libiya. Akwai kuma wadda ba a cika lissafa ta cikin gajerun hanyoyi ba alhali ta fi su ɓarna: auren fita kunya. A karɓi duk wanda ya zo ba bincike, saboda ƙanwa ta riga yin aure, ko a ci bashin da za a shekara uku ana biya don a yi dina da kamu irin na wance. Sauri ya haifi nawa. Wadda ta yi auren wata takwas ta dawo da ciki da takardar saki ba ta kamo kowa ba, an ƙara mata wani nauyin ne.

Ga ƙa'ida mai sauƙi. Duk wata babbar shawara da ta zo maka a makon da ka dawo daga ɗaurin auren aboki, ko tarewar sabon gidan wani, ko ganin hoton wani a filin jirgi, kada ka zartar da ita sai bayan mako biyu. A cikin mako biyun ka yi istihara, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya mai hankali wanda ba zai ci komai a cikin lamarin ba. In bayan haka har yanzu tana da ma'ana, to a duba.

Mataki na biyar: abu ɗaya, wata shida

Koma kan takardarka. Cikin duk fannonin, zaɓi guda ɗaya. In akwai mai wa'adi na gaske, shi ne farko. In babu, zaɓi wanda in ya motsa zai ja sauran, kuma ga mafi yawan mutane wannan shi ne hanyar samun kuɗin shiga. Masu jin an wuce su sukan so su gyara komai a shekara guda, su yi rajistar karatu, su fara kiwon kaji, su nemi aure, su sayi fili, sai wata uku ta yi duk sun watse, su ƙara tabbatar wa kansu cewa su dai ba sa iya komai.

Manomi yana shuka gero da dawa a gona ɗaya, da ruwan damina ɗaya. Gero ya nuna cikin wata uku a girbe shi, dawa kuwa tana nan tsaye kore shar sai bayan ruwa ya ɗauke. Ba wanda yake cewa dawa ta makara. Amma kuma ba manomin da yake barin ta cikin ciyawa don ya san mai daɗewa ce; yana yi mata noma da maimai da taki a kan kari. Abin da ake nufi da tafiya da takunka ke nan: lokacin girbi ba a hannunka yake ba, aikin mako-mako kuwa a hannunka yake.

Mu ɗauki mai digiri ɗan shekara 32 da ya gaji da yawo da takardu, ya yanke shawarar koyon haɗa wutar sola, ko gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko zama a shagon atamfa a Kantin Kwari. Abu mafi wuya a gare shi ba aikin ba ne. Abu mafi wuya shi ne safiyar farko da maigidan shagon, wanda wataƙila shi mai digirin ne ya girme shi da shekara biyar, zai miƙo masa tsintsiya, ko ya aike shi sayo ruwan leda a gaban mutane, daidai lokacin da wani ɗan ajinsu yake wucewa ya ce, "A'a, wane, kai ne a nan?" Wanda ya haɗiye wannan safiyar ya amsa da "Ni ne wallahi, sana'a nake koya," ya ci rabin yaƙin. Kafin ka fara, ku zauna da maigidan a gaban wani babba a yi magana a fili: wata nawa za a yi, me za a koya maka, akwai kuɗin abinci da na mota ko babu, kuma yaya sallama za ta kasance. Rashin yin wannan maganar tun farko shi ke sa mutum ya shekara biyar yana yaron shago ba ranar fita.

Sannan ka mayar da burin zuwa abin da za a iya ƙirgawa a mako. Ba "zan zama mai kuɗi" ba, a'a: kwana shida a shago, zubin adashe kaza duk Juma'a, awa ɗaya ta karatu bayan isha'i. Samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi a ƙarshen kowane mako, layi biyu ko uku. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka motsa ba, buɗe shi ka duba inda kake wata huɗu baya. Wannan shi ne ma'aunin da zai maye gurbin mutumin nan da ka haɗa a mataki na farko.

In aure ne abin da ka zaɓa, rabe abin da addini ya shar'anta da abin da al'ada ta ɗora. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Akwati goma sha biyu ba sharaɗin aure ba ne, haka dina. Akwai iyayen da suka fi ka gajiya da wannan gasar, amma ba za su fara furtawa ba sai an tura musu dattijo mai mutunci ya buɗe maganar. Abin da ba a ragewa shi ne binciken hali da gwajin jini, musamman na sikila.

Mataki na shida: bakin mutane da allon waya

Ba kowa ne ya cancanci bayani ba. Gwaggon da ta tare ki a gidan suna ta ce, "Ke kuma yaushe za mu sha naki? Ga ƙanwarki har ta yi na biyu," amsarta gajera ce, da fara'a: "Gwaggo, a dai ci gaba da sa mu a addu'a." In ta ƙara, ki ƙara: "Allah Ya kawo na gari, Gwaggo," ki tashi ki kama wani aikin. Yawancin masu irin wannan tambaya ba mugunta ce ta sa su ba, ita ce gaisuwar da suka iya, sai dai ba su san inda take sauka ba.

Iyaye kuwa daban ne. Su ma ana tare su a masallaci da gidan biki ana tambayarsu kai, kuma sau da yawa faɗan da suke yi maka tsoro ne ya sa rigar faɗa. Shirunka yana ƙara musu shi. Nemi lokacin da hankali yake kwance, ka durƙusa ka ce, "Baba, na san zamana yana damunku, ni ma yana damuna. Ga abin da na sa a gaba daga yanzu zuwa Babbar Sallah, ga inda nake zuwa kullum. Ina neman albarkarku." Uban da ya ga tsari da ranar da aka sa, ko bai gamsu duka ba, ya samu abin da zai faɗa wa masu tambayarsa.

Waya kuma, ba sai ka fita daga Facebook ko WhatsApp ba. Akwai mutum biyar ko shida da duk ka ga abin da suka ɗora sai ranka ya ɓaci har dare. Ɓoye nasu na ɗan lokaci, ba tare da ka yanke gaisuwa ba. Kada ka buɗe waya a gado kafin barci ko da farkawa. Amma kada wannan ya zama hujjar guje wa mutane. Je ɗaurin auren, je ka yi barka, ka ce "Allah Ya sanya alheri" da zuciya ɗaya, ka yi wa abokin addu'a a bayan idonsa ko da da farko harshe ya yi nauyi. Wanda ya janye daga jama'a saboda kunya yana yanke hanyar da labarin aiki da na aure suke biyowa, domin a wurinmu ta bakin mutane suke zuwa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da duban wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Hanyar aiki da shi ba tunani kawai ba ne: je dubiya asibiti, ko ka koya wa yaran unguwa karatu kyauta sau ɗaya a mako.

Mataki na bakwai: in abin ya wuce damuwa ya zama ciwo

Duk abin da aka faɗa a sama na mai sauran ƙarfin tashi ne. Akwai inda abin yake wuce nan. In ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da da kake jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita ranka, kana jin kai ba ka da wani amfani, ko ka fara neman sauƙi a ƙwaya ko maganin tari, to wannan yana iya zama ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka. Da yawa daga masu zuwa, ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar. In nisa ko kunya ta hana, fara da likitan babban asibitin da ke kusa da kai, ka faɗa masa alamomin yadda suke, da tsawon lokacin da suka ɗauka. In kuwa tunanin ya kai ga cewa gara ma ka bar duniyar, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Faɗa wa wani a daren, ɗan'uwa ko aboki ko limamin unguwa, ka ce masa ya zauna tare da kai, gari na wayewa ya raka ka asibiti.